Malabo, Zanzibar ko Morishus: wane tsibiri ya dace da jarin ɗan kasuwar Arewacin Kamaru?

Tambayar da ke yawo a bakin 'yan kasuwarmu na Garwa, Marwa, Ngawundare har Njamena a 'yan shekarun nan ita ce: idan kuɗi ya taru, ina za a sa shi ya kwana lafiya kuma ya haihu? Fili a birni ya yi tsada, ga rigimar takardu. Garken shanu, wanda shi ne bankin iyayenmu, ɓarayi da masu garkuwa da mutane sun sa mai shi barci da ido ɗaya. Naira ta faɗi tun 2023, ta rikita cinikin kan iyaka. Ana cikin haka sai ga tallace-tallace a Facebook da WhatsApp: gida a bakin teku, farin yashi, itatuwan kwakwa, wai ka saya ka riƙa karɓar haya da kuɗin waje. Yara su nuna wa Alhaji a waya, Alhaji ya ce a bincika.

Maganar ba ta banza ba ce. Tsibiri yana da abubuwan da ke jawo mai jari da gaske. Ƙasarsa kaɗan ce, ba ya noma abin da zai ci ya ishe shi, saboda haka kullum mai saye ne. Yawancin tsibiran da ke yankin zafi suna samun kuɗin waje daga baƙi masu yawon buɗe ido, ko daga mai, ko daga wani amfanin gona guda da duniya ke nema. Kuma da yake gwamnatocinsu ƙanana ne, wasunsu sun gane cewa sai sun sauƙaƙa doka kafin baƙo ya kawo kuɗinsa. Amma waɗannan dalilai ba sa taruwa a tsibiri ɗaya. Kowanne da nasa, kuma abin da ya sa wani ya yi kyau ga attajirin Dubai ba shi zai sa ya yi kyau ga dillalin albasa na Marwa ba. Shi ya sa na ɗauki uku da aka fi ambata a wajenmu, in auna su da ma'aunin mutumin nan.

Kafin a kai ga teku, akwai ƙofar da kowa zai bi, wato bankinsa. Kuɗinmu sefa ce ta ƙasashen CEMAC shida: Kamaru, Cadi, Afirka ta Tsakiya, Kongo, Gabon da Ikwatoriyal Gini. An ɗaure ta da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, kuma babban bankinta, BEAC, yana Yawunde. A ƙarshen 2018 aka fitar da sabuwar dokar canji, ta fara aiki a Maris 2019. Tun daga lokacin, fitar da kuɗi mai nauyi zuwa wajen waɗannan ƙasashe shida sai da takardun da ke nuna asalinsa da abin da za a yi da shi, kamfani ma ba ya buɗe asusu a ƙasar waje sai da izini. A cikin yankin kuwa sefa tana tafiya ba canji. Wannan kaɗai ya raba tsibiran uku gida biyu: Malabo tana cikin gida, Zanzibar da Morishus suna waje. Wanda ya ce zai kewaye banki ya bi ta hannun 'yan canji, ya sani ranar da zai dawo da ribarsa, ko ranar da rigima ta kai kotu, ba shi da takardar da za ta ce kuɗin nasa ne.

Mu fara da ta kusa. Malabo tana kan tsibirin Biyoko na Ikwatoriyal Gini, tazarar da ba ta wuce kilomita 40 ba daga gaɓar Kamaru. Daga Duwala jirgin sama ba ya cika awa guda, jiragen ruwa kuma suna ɗaukar kaya daga gaɓarmu. Kuɗi ɗaya muke kashewa. Dokar kasuwanci ma ɗaya ce, ta OHADA, wadda ƙasashe 17 suke bi, babbar kotunta tana Abijan, don haka irin kamfanin da ka yi wa rajista a Garwa shi ne irin wanda za ka buɗe a can. Tun 2017 ƙasar ta amince a takarda cewa ɗan CEMAC mai fasfo zai shiga ba biza na ɗan lokaci.

Abin da ya fi wannan duka muhimmanci shi ne ciki. Tun da aka fara haƙar mai sosai a tsakiyar shekarun 1990, noma ya ja baya, har gonakin koko da suka yi wa tsibirin suna a zamanin Turawan Sifen suka zama kufai. Yawancin abincin da ake ci shigo da shi ake yi, kuma kaso mai yawa daga Kamaru yake fitowa. Albasar Marwa da Garwa, gyaɗa, wake, naman shanun Adamawa da ake lodawa a jirgin ƙasa daga Ngawundare, duk sun daɗe da sanin hanyar kudu. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar Kiye-Osi, inda iyakokin Kamaru, Gabon da Ikwatoriyal Gini suka haɗu, ya ga yadda buhunan arewa ke tsallakawa. Ma'ana, a nan ba sabuwar sana'a za ka koya ba. Sana'arka ce za ka ƙara wa tsawon hanya, ka karɓi ribar da 'yan tsakiya ke ci tsakanin Duwala da teburin mai saye.

To amma dole a faɗi ɗaya gefen ba ɓoye-ɓoye. Arzikin ƙasar yana kan mai, man kuma yana ƙarewa. A tsakiyar shekarun 2000 ana haƙo fiye da ganga 300,000 a rana, yanzu bai kai 100,000 ba. Daga 2015 tattalin arzikin ya yi shekaru a jere yana raguwa. Kamfanin ExxonMobil, wanda ya riƙe rijiyar Zafiro, ya bar ƙasar a 2024. Iskar gas da ake sarrafawa a Punta Yuropa kusa da Malabo ita ke riƙe da sauran. Gwamnati kuma ta karkata ga sabon birnin da ta gina a can cikin dajin babban yankin ƙasar, Siyudad de la Pas, kuma duk ma'aikacin da ya tashi daga Malabo, mai haya ne da mai cefane ya ragu. Shugaba Obiang yana mulki tun 1979, ranar da mulki zai sauya hannu ba wanda zai ce ga yadda gari zai waye.

Sai zancen baƙunta, wanda shi ya fi ci mini rai. 'Yan Kamaru da yawa sun sha kamu da kora daga ƙasar a lokuta daban-daban, wasu sun dawo da rigar jikinsu kawai. Iyaka takan rufe ba sanarwa, ta yi makonni ko watanni. Takardar zama tana da tsada da wahalar samu, harshen ofis kuma Sifaniyanci ne, ko da yake Faransanci yana cikin harsunan hukuma. Don haka shawarata a kan Malabo a fili take: a sa kuɗi a kaya masu juyawa, kada a sa a gini. Rumbun ajiya ya kasance a Garwa ko Duwala, mota ta kasance da lambar Kamaru, abin da ke tsallaka teku ya zama lodin da in ya salwanta ba zai karya ka ba. Kada a ba da bashi mai tsawo, musamman ga ɗan kwangilar da shi ma jiran gwamnati yake ta biya shi. A tuna kuma Malabo gari ne mai ruwan sama da laima, albasar da za ta yi watanni a rumbu a Marwa, can cikin ɗan lokaci take tsirowa ta ruɓe, ga gasa da albasar Turai da daskararren nama da manyan kantuna ke shigowa da su. Wanda ba shi da mai saye a ƙasa kafin kaya su tashi, kada ya loda.

Zanzibar ita ce take sace zuciyar mutanenmu, kuma na gane dalili. Kusan duk mutanenta Musulmi ne, ana kiran salla a kowace unguwa, mace za ta fita da lulluɓinta ba mai kallonta. Tsibirai biyu ne manya, Unguja da Pemba, mutanensu sun kusa miliyan 1.9 a ƙidayar 2022. Tun 1964 suke haɗe da Tanganyika a ƙasar Tanzaniya, amma suna da shugabansu da majalisarsu da dokokinsu na ƙasa da na zuba jari. Abin da ke kawo kuɗi yanzu baƙi ne: fiye da 600,000 suka zo a 2023, a 2024 suka haura 700,000, yawancinsu Turawa. Tsohon garin dutse, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, da gaɓar Nungwi da Paje, kullum ana gina sabbin masaukai. A cikin ukun nan, ita ce kasuwarta ke girma a idon kowa.

Da yawa daga cikinmu in an ce Zanzibar, kanumfari suke tunawa, wanda muke zubawa a shayi da yaji da kunu. Gaskiya ne Pemba ce gidansa. Sai dai ba kasuwa ce da baƙo zai shiga ƙauye da buhu ya saya ba, kamar yadda muke yi wa gyaɗa ko riɗi. Kamfanin gwamnati, ZSTC, shi ke saye daga manoma ya fitar waje. In kana so, daga hannunsa ko daga dillalai za ka saya, ka biya jigila ta zagaye nahiya zuwa Duwala. Ciyawar teku da matan ƙauyukan gaɓa ke nomawa ita ma tana da masu sayenta na dindindin. Saboda haka abin da ya rage wa baƙo mai matsakaicin ƙarfi shi ne gida ko ɗakunan haya.

A nan ne ake yawan ruɗin mutane. A Zanzibar ƙasa ta gwamnati ce, baƙo ba ya mallakar fili. Abin da yake samu haya ce ta dogon zango, wadda kan kai shekara 99, a cikin ginin da hukumar zuba jari ta ZIPA ta amince da shi. Wanda ya sayi gida na aƙalla dalar Amurka 100,000 a irin waɗannan wurare yana iya neman takardar zama, wato kuɗin da ya haura sefa miliyan 50. Duk wanda ya ce zai sayar maka da fili a bakin teku da sunan wani ɗan gari, ku rubuta yarjejeniya tsakaninku, filin na ɗan garin ne, kai kuwa sadaka ka yi. Da yawa daga cikin gidajen da ake tallatawa kuma ba a gina su ba tukuna, zane ne a kwamfuta, kana biya kashi-kashi kana jiran magini ya cika alkawari. Buɗe otal na kanka kuwa magana ce ta miliyoyin daloli.

Akwai wasu abubuwan da mai talla ba zai faɗa ba. Wutar Unguja daga babban yankin ƙasar take zuwa ta waya a ƙarƙashin teku, kuma daga Disamba 2009 zuwa Maris 2010 tsibirin ya yi kusan wata uku cikin duhu da wayar ta lalace. Zaɓe yakan zo da tashin hankali: an zubar da jini a Janairu 2001, an soke zaɓen 2015 gaba ɗaya. Shilin na Tanzaniya ba a ɗaure yake da yuro ba, yana hawa yana sauka. A Yuli 2025 gwamnatin Tanzaniya ta hana baƙi wasu ƙananan sana'o'i 15, har da sayar da kaya a kanti. Zanzibar tana da nata tsarin lasisi, amma mai hankali ya ga inda iska ta dosa, kada ya tafi da niyyar buɗe shago irin na babbar kasuwar Garwa. Harshe Swahili ne da Turancin Ingilishi, Faransancinmu ba zai yi aiki a ofis ba. Hanya kuma sai ta Adis Ababa ko Nairobi, kwana guda cur a tafiye.

Sannan ga batun halal, wanda bai kamata a tsallake ba don gari na Musulmi ne. Kuɗin bakin teku yana tafe da giya da shigar da ba tamu ba. In ka ba kamfani gidanka ya riƙa saukar da baƙi, ba kai za ka zaɓi wanda zai kwana ciki ba, ba kai za ka ce ga abin da za a sha ba. Wannan tambaya ce da ya kamata Alhaji ya kai wa malaminsa kafin ya sa hannu, ba bayan haya ta fara shigowa ba. Ni dai a ganina, a nan ne ma damar take: masauki mai tsabta na iyali, ba giya, da wurin salla da abincin da Musulmi zai ci hankali kwance. Amma irin wannan sai mai shi yana zaune, ko ɗansa, ko ƙaninsa.

Morishus daban take da duka biyun. Tana can tsakiyar tekun Indiya, gabas da Madagaska, mutanenta kimanin miliyan 1.3, ta sami 'yanci a 1968 ba ta da komai sai rake. Daga sukari ta koma masaƙu, daga nan yawon buɗe ido, daga nan harkar bankuna da rajistar kamfanoni. Abin da take sayarwa a yau shi ne doka mai tsayawa. Ta soke takunkumin canjin kuɗi tun 1994, kuɗinka yana shiga yana fita. Harajin kamfani kashi 15 cikin 100 ne a bisa ƙa'ida. Shari'a in ta ƙi ƙarewa, ɗaukaka ƙara ta ƙarshe a Landan ake yin ta. Mulki yana sauya hannu ta akwatin zaɓe: a Nuwamba 2024 'yan adawa ƙarƙashin Navin Ramgoolam suka lashe kujeru 60 cikin 62, mai mulki ya sauka ba harbi. Kusan kowa yana jin Faransanci, akwai Musulmi da yawa da manyan masallatai a Por Luwi, babban birninta. Abin sha'awa, a wannan birnin aka sa hannu kan yarjejeniyar OHADA a 1993, ko da yake ita Morishus ba ta cikinta.

Wanda ya ga faɗuwar sefa ta Janairu 1994, ranar da kuɗin mutane ya rabu biyu a dare ɗaya, zai fahimci mai son ajiye wani abu a wajen yankinmu. Sai dai Morishus ba mafaka ce marar aibi ba. A 2020 cutar korona ta tsayar da baƙi, waɗanda suka kusa miliyan 1.4 a shekarar da ta gabata, tattalin arziki ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100. A shekarar ce kuma jirgin Wakashio ya zubar da mai a gaɓarta. Rufi, kuɗinsu, yana wajen 36 a dalar Amurka a 2019, ya kai wajen 46 a 2024, wato wanda ya ajiye kuɗi a rufi ya yi asarar da bai gani da ido ba. Guguwar teku tana da lokacinta, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Ƙofar shiga kuma tana da tsada: takardar zama ta hanyar sayen gida sai dalar Amurka 375,000, fiye da sefa miliyan 200, ta mai kafa kamfani kuma tana farawa daga 50,000 tare da sharaɗin ciniki. Bankunansu, tun da aka sa ƙasar cikin jerin waɗanda ake sa wa ido kan halatta kuɗin haram a 2020 aka cire ta a 2021, suna tambayar asalin kowane kwabo. Ɗan kasuwar da lissafinsa ke cikin kansa da littafin aljihu ba zai wuce teburin farko ba. Kasuwar kayan masarufi kuwa tana hannun iyalan da suka yi ƙarni suna riƙe da ita, ba gurbin albasarmu.

Ina da wata damuwa kuma. Kamfanoni da yawa suna yin rajista a Morishus ne don su rage harajin da ya kamata su biya a ƙasashen da suke cin riba, har Senegal ta soke yarjejeniyar harajin da ke tsakaninsu. Mu da muke kukan hanyar Ngawundare zuwa Garwa da ta Mora zuwa Kusiri, bai dace mu zama masu kwashe abin da za a gyara su da shi ba. Amfanin Morishus na gaskiya yana ga mai babban kamfani da ke ciniki a ƙasashe da yawa, yana neman wurin da abokan hulɗa na waje za su yarda su haɗa jari da shi.

Komoros da Sawo Tome ma ana ambatarsu. Komoros Musulmi ce, tana jin Faransanci, tana cikin OHADA, kuɗinta a ɗaure da yuro, amma talauci da ƙarancin wuta sun yi yawa, kuma tana da nisa. Sawo Tome tana kusa da mu, tana da koko mai kyau, sai dai mutanenta ba su kai 250,000 ba, harshe kuma na Fotugal. Ban ga abin da za su ba mutumin arewa wanda ukun farko ba su fi su ba.

In aka ce in zaɓa wa mai jarin sefa miliyan 5 zuwa 30, wanda shi ne mafi yawanmu, Malabo zan ce, da sharaɗin da na faɗa: kaya su tafi, kuɗi su dawo, tushe ya zauna a gida. Ribarta ba ta jiran tattalin arzikin ƙasar ya girma, tana kan cewa mutane za su ci abinci gobe ko mai ya yi tsada ko ya faɗi. Mai miliyan 60 zuwa sama, wanda zai iya mantawa da kuɗin shekara biyar ba tare da shagonsa ya girgiza ba, kuma yana da ɗa mai jin Ingilishi da zai zauna, Zanzibar ta fi masa, don ita ce mai tashi. Morishus a bar wa mai akanta da lauya da kamfanin da ya riga ya tsallaka iyakoki. Wanda zai sayar da gidan gado ko ya ci bashi don ɗaya daga cikinsu, ina roƙonsa don Allah ya haƙura.

Wanda ya tsai da shawara kan Zanzibar, zuwa da kai ya fi saƙo, kuma kada ya je a Disamba ko Agusta lokacin da kowane ɗaki ke cike. Ya je a Afrilu, tsakiyar babbar damina, lokacin da baƙi ke ɗaukewa har wasu otal-otal su rufe. Ya shiga ofishin ZIPA da kansa ya tambayi lambar amincewar ginin, ya ɗauki lauyan da ba mai ginin ne ya kawo shi ba, ya nemi a nuna masa lissafin hayar wani gida da aka riga aka gama na shekara guda cikakkiya, bayan an cire kason kamfanin da ke kula da gidan, kuɗin gyara da haraji. Adadin da ya rage a ƙasan takardar shi zai kwatanta da abin da kuɗin nan zai kawo masa in ya sayi albasa a Marwa a watan Maris ya ajiye zuwa Oktoba.